Tun kafin kifi ya taso a mace: waiwaye kan binciken guba a jikinsa

A da, ruwan kawai ake aunawa, ko a jira a ga kifi ya taso a mace. Abin da ya faru a Minamata ta ƙasar Japan, inda aka gano cutar gubar zaiba a 1956, shi ya nuna gazawar wannan hanya. Zaibar da masana'anta ke zubarwa a teku ta riƙa taruwa a tsokar kifi, masunta da iyalansu na ci, har ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Daga nan masana suka koma bincikar jikin dabbar kanta.

A 1957 Margoshes da Vallee suka gano wani furotin a ƙodar doki mai kama kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, ya riƙe. Daga baya aka same shi a hantar kifi, kuma yana ƙaruwa idan ƙarafa masu guba suka shiga jiki. A 1975 Payne da Penrose a Kanada suka nuna cewa ɗanyen man fetur na tayar da wani sinadarin hanta. A 1994 kuma aka iske kifaye maza a Ingila, waɗanda aka ajiye a bakin magudanar ruwan datti, suna yin furotin ɗin ƙwai da mata kaɗai ya kamata su yi.

Yawancin gwaje-gwajen nan na son a daskarar da hanta nan take, a ajiye ta a digiri 80 ƙasa da sifili. Wuta ta ɗauke yini guda, samfur ya lalace. Shi ya sa a Damagaram gwajin jini ya fi dacewa. Jajayen ƙwayoyin jinin kifi suna da cibiya, wato ɗan curi a tsakiyar ƙwaya mai ɗauke da kayan gadon halitta, saɓanin na mutum. A ɗebo ɗigo daga jijiyar wutsiyar tarwaɗa ko karfasa, a shafa siriri a gilashi, ya bushe, a tsoma a metanol kamar minti 10, a rina da rinin da ake kira Giemsa, sannan a ƙirga ƙwaya 1000 zuwa 2000 a madubin likita. Abin nema shi ne ɗan ɗigo a gefen cibiya, mai launinta amma bai manne da ita ba. Wannan gutsuren kayan gadon halitta ne da ya ɓalle wajen rabuwar ƙwaya, kuma yawansa na iya zama alamar guba. Rini da ba a tace ba yakan bar dattin da ke kama da shi, kuma nan sabon hannu ke ruɗewa.

Babbar matsala ita ce bazara. Tabkunan yankin Damagaram irin na Gidimuni da Lassuri suna janyewa, ruwa ya yi zafi, iskar cikinsa ta ragu, gishiri ya ƙaru. Wannan kaɗai na galabaitar da ƙwayoyin kifi ko da ba ɗigon maganin ƙwarin lambu. Dole a kwatanta kifi iri ɗaya, girma ɗaya, wata ɗaya, daga tabki biyu, a kuma rubuta zafin ruwa da iskarsa da asuba, lokacin da ta fi ƙaranci.