Waiwaye: Kundin tsarin mulkin Maroko, da wanda talaka zai riƙe idan aiki ya lalace

Duk lokacin da aka taso da maganar gyaran kundin tsarin mulkin Najeriya, hira a nan Sakkwato takan karkata wuri guda: a mayar wa sarakuna matsayi a cikin doka. Ana yin ta a majalisun bayan La'asar, ana yin ta a harabar Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma ba a jimawa sai wani ya kawo misali da Maroko. Dalilin a fili yake. Mutanen Maroko Musulmi ne 'yan Malikiyya kamarmu, 'yan Tijjaniyyarmu suna zuwa Fas ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani, sarkinsu kuma Amirul Muminina ake ce masa, laƙabin da aka yi wa Shehu Usmanu mubaya'a da shi a Gudu a 1804. Ga sarki, ga majalisa, ga zaɓe. Abin da masu misalin ba su cika tsayawa a kansa ba shi ne tambayar da ta daɗe tana ci wa 'yan Maroko tuwo a ƙwarya: idan aikin gwamnati ya lalace, wa za a bi ba'asi?

Gidan sarautar Maroko ya fito daga mulkin mallaka da kwarjinin da sarakuna ƙalilan suka samu a Afirka. Faransa ta ɗora ikonta a ƙasar a 1912, ta bar sarauta a tsaye tana mulki ta bayanta. Da Muhammadu na Biyar ya karkata ga 'yan kishin ƙasa, sai Faransawa suka tsige shi a 1953, suka kai shi Kosika, daga can Madagaska. Korar ta ɗaukaka shi. Ya dawo a Nuwamba 1955 jama'a na kallonsa a matsayin tutar 'yanci, ƙasa ta sami 'yancin kai a Maris 1956, kuma babu jam'iyyar da ta isa ta ja da shi, har Istiƙlal da ta yi gwagwarmayar.

Ɗansa Hassan na Biyu ya hau a 1961, ya ba ƙasar kundinta na farko a 1962. A fada aka rubuta shi. Sashe na 19 ya kira sarki Amirul Muminina, kuma da wannan sashe aka yi shekara kusan 50 ana fassara ikon sarki yadda fada ta ga dama. Majalisar da aka zaɓa a 1963 ba ta cika shekara biyu ba. A Maris 1965 ɗalibai da marasa aikin yi suka cika titunan Kasablanka, sojoji suka buɗe musu wuta, a watan Yuni sarki ya kafa dokar ta-ɓaci ya sallami majalisa, aka yi shekara biyar babu ita. A Oktoban shekarar aka sace jagoran adawa Mehdi Ben Barka a birnin Paris, har yau ba a ga gawarsa ba. Sojoji sun nemi kashe sarki sau biyu, a fadar Skhirat a 1971 da kuma cikin jirginsa a 1972. Wasu daga cikin waɗanda aka kama an kai su kurkukun ɓoye na Tazmamart, inda suka yi shekara 18 cikin duhu, kusan rabinsu ne kawai suka fito da rai a 1991. Duk wannan ya faru ne a ƙasar da ke da kundin tsarin mulki, wadda ta sake rubuta shi a 1970 da 1972 da 1992 da 1996, kowane daga fada ya fito, kowane ya wuce ƙuri'ar raba gardama da rinjaye mai yawa.

A ƙarshen rayuwarsa Hassan ya sassauta. A 1998 ya miƙa firaminista ga Abderrahmane Youssoufi na jam'iyyar gurguzu ta USFP, mutumin da ya yi shekaru yana gudun hijira a Faransa saboda adawa da shi. Amma ma'aikatar cikin gida ta ci gaba da zama hannun Driss Basri, amintaccen fada, haka harkokin waje da shari'a da lamurran addini fada ce ke zaɓen masu riƙe su. Sarki ya rasu a Yuli 1999. Ɗansa Muhammadu na Shida da ya gaje shi ya sallami Basri cikin 'yan watanni, jama'a suka yi murna. Sai ga zaɓen 2002: USFP ta zo ta ɗaya, sarki ya tsallake ta ya naɗa Driss Jettou, ɗan kasuwa marar jam'iyya. Doka ba ta hana shi ba, kuma 'yan siyasa ba su manta da wannan ba.

Akwai abin da ya kamata a yaba wa sabon sarkin, kuma ina yaba masa da zuciya ɗaya. A 2004 ya kafa hukumar adalci da sulhu, ya ɗora Driss Benzekri a kanta, wanda shi kansa tsohon fursunan siyasa ne. Ta binciki zaluncin da aka yi daga 1956 zuwa 1999, waɗanda aka azabtar suka ba da labarinsu a talabijin ƙasa na kallo, aka biya dubban mutane diyya. Sai dai an sa musu sharaɗin kada su ambaci sunan wanda ya azabtar da su, kuma babu wanda aka gurfanar.

Guguwar 2011 ta iso Maroko ranar 20 ga Fabrairu, bayan ta yi awon gaba da Ben Ali a Tunisiya da Mubarak a Masar. Matasan da suka fito ba su nemi a tumɓuke sarki ba. Sun nemi sarki ya riƙe sarauta ya bar mulki ga zaɓaɓɓu, a raba dukiya da iko, a hukunta ɓarayin gwamnati. Fada ba ta yi sanya ba. Ranar 9 ga Maris sarki ya yi jawabi ya yi alkawarin sabon kundi, ya naɗa kwamiti ƙarƙashin masanin shari'a Abdellatif Menouni. A tsakiyar Yuni aka bayyana daftarin, ranar 1 ga Yuli aka kaɗa ƙuri'a. Mako biyu ke nan aka ba jama'a su karanta sashe 180, har huɗubar Juma'a aka yi amfani da ita wajen kiran mutane su amince. Gwamnati ta ce kimanin kashi 98 cikin 100 sun ce e. Matasan 20 ga Fabrairu sun ƙaurace, domin su majalisar da jama'a suka zaɓa suke so ta rubuta kundin.

Duk da haka abin da aka rubuta ba ƙarami ba ne. Sashe na 1 ya kira ƙasar masarauta mai bin tsarin majalisa, ya kuma ce duk wanda aka ɗora wa nauyi dole a bi ba'asinsa. Sashe na 47 ya wajabta wa sarki ya naɗa shugaban gwamnati daga jam'iyyar da ta zo ta ɗaya a zaɓen majalisar wakilai, wato abin da ya faru a 2002 ba zai sake faruwa ba. An cire kalmar da ke cewa sarki mai tsarki ne. Harshen Amazig ya zama harshen hukuma tare da Larabci.

Ga kuma abin da ya saura a hannun sarki. Shi ke shugabantar majalisar ministoci inda ake yanke manyan manufofin ƙasa. Shi ne babban kwamandan askarawa, shi ke shugabantar majalisar ƙoli ta malamai da ta alƙalai, yana iya rushe majalisar dokoki, yana iya sallamar minista bayan ya shawarci shugaban gwamnati. Sashe na 46 ya ce ba a keta alfarmarsa, jawabinsa ga majalisa kuma ba a yin muhawara a kansa. A nan matsalar take, a ganina. Wanda majalisa ke iya kira ta yi masa tambaya ba shi ke da ta-cewa a manyan lamurra ba, mai ta-cewar kuwa babu mai kiransa.

An ga haka a aikace. Jam'iyyar PJD mai ra'ayin Musulunci ta ci kujeru 107 cikin 395 a Nuwamba 2011, sarki ya cika alkawari ya naɗa Abdelilah Benkirane. A Oktoba 2016 ta ƙara zuwa 125. Amma wata biyar Benkirane yana neman abokan kafa gwamnati ya kasa, domin jam'iyyun da ke kusa da fada sun yi ta gindaya masa sharuɗɗa. A Maris 2017 sarki ya ajiye shi ya ɗauko Saad Eddine El Othmani daga jam'iyyar. Ba a karya sashe na 47 ba. Mutumin da jama'a suka fito domin shi kuwa ya koma gida.

Cikin wannan tsakani ne, ranar 28 ga Oktoba 2016, wani mai sayar da kifi, Mouhcine Fikri, ya mutu a garin Al Hoceima na yankin Rif. Hukuma ta ƙwace kifinsa ta zuba a motar shara, ya shiga ya ceto hajarsa, injin motar ya matse shi. Duk wanda ya taɓa ganin an kwashe wa ƙaramin ɗan kasuwa kaya a bakin titi ya san zafin da mutanen garin suka ji. Suka yi watanni suna zanga-zanga, suna neman asibiti da jami'a da aikin yi. Sarki ya sa kotun binciken kuɗaɗen gwamnati ta duba wani shirin raya garin da aka sa wa hannu a gabansa a 2015, wanda ya tsaya cik. A Oktoba 2017 ya sallami ministocin ilimi da lafiya da gidaje, fada ta ce an yi haka ne bisa ƙa'idar bin ba'asi da ke cikin kundi. An hukunta masu sakaci, wannan gaskiya ne. Amma daga sama hukuncin ya sauko, majalisa 'yar kallo ce. Shi kuwa Nasser Zefzafi, wanda ya jagoranci masu kokawa da sakacin, shekara 20 aka yanke masa a 2018.

Mu namu labarin a juye ya zo. Najeriya ma ta taɓa zama masarauta mai majalisa daga 1960 zuwa 1963, Sarauniyar Ingila ce shugabar ƙasa, Abubakar Tafawa Ɓalewa firaminista, a Kaduna kuma akwai Majalisar Sarakuna kusa da ta wakilai. Tun lokacin 'yan siyasa suka fara rinjayar sarauta: a 1963 gwamnatin Sardauna ta sa Sarkin Kano Sanusi na Ɗaya ya yi murabus bayan binciken kuɗin En'e. Soja suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. A Afrilu 1996, zamanin Abacha, aka sauke Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki aka kai shi Zing a jihar Taraba, ba tare da an tsaya gaban alƙali ba. Kundin 1999 bai ware wa sarakuna wani aiki ba, ya kuma ba gwamna rigar kariya a sashe na 308. Wanda ba a iya riƙewa a wurinmu yana gidan gwamnati ne. Shi ya sa nake goyon bayan a kare rawani daga son ran gwamna, a sa doka ta fayyace yadda ake naɗi da saukewa. Amma ikon kashe kuɗin jama'a da zartar da hukunci, ban yarda a ba kowa shi ba, komai girman rawaninsa, sai wanda za a iya kira a tambaya. Wannan ba baƙon tunani ba ne a gidan Shehu. Malam Abdullahin Gwandu ya bar rundunar jihadi da ya ga son duniya ya fara shiga jagorori, kuma da ya tsaya Kano, littafi ya rubuta wa mutanenta kan haƙƙin da ke wuyan mai mulki.

A Maroko, wanda ya sha bugun ƙarshe PJD ce. A Disamba 2020 ƙasar ta ƙulla hulɗa da Isra'ila, Amurka kuma ta amince da ikonta a kan Yammacin Sahara. Harkar waje ta fada ce, amma El Othmani ne ya zauna gaban kyamara ya sa hannu, shi da jam'iyyarsa da suka yi shekaru suna goyon bayan Falasɗinu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ga wannan, ga tsadar rayuwa, ga alkawuran da ba a cika ba, sai a zaɓen Satumba 2021 ta faɗo daga kujeru 125 zuwa 13. Jam'iyyar RNI ta zo ta ɗaya da kujeru 102, shugabanta Aziz Akhannouch ya zama shugaban gwamnati. Attajiri ne mai gidajen man Afriquia, ɗaya daga cikin kamfanoni uku da jama'a suka ƙaurace wa a 2018 saboda tsadar kaya. Matasan 2011 raba dukiya da iko suka nema.

A ƙarshen Satumba 2025 wasu matasan suka sake fitowa, bayan mutuwar mata takwas masu haihuwa a asibitin gwamnati na Agadir, a ƙasar da ke gina filayen ƙwallo domin gasar cin kofin duniya ta 2030. An kashe mutum uku a wani gari kusa da Agadir. Matasan sun nemi gwamnati ta sauka, kuma sarki suka rubuta wa wasiƙar, ba majalisa ba. Sashe na 105 ya ba majalisar wakilai ikon kayar da gwamnati da ƙuri'ar rashin amincewa. An gwada irin wannan ƙuri'a a 1964 da 1990, ba ta wuce ba, kuma tun da aka kafa majalisar a 1963 ba ta taɓa sauke wata gwamnati ba. Ranar 10 ga Oktoba sarki ya buɗe zaman majalisa, ya yi kira a gaggauta ayyukan lafiya da ilimi da samar wa matasa aiki, Akhannouch ya ci gaba da zama a kujerarsa.