Mece ce kileba, kuma me zai iya tsaya mata a gyaran fentin mota?

Duk mai yawan kallon bidiyoyin wankin mota a YouTube ko TikTok ya taɓa cin karo da ita. Wani ɗan curi ne shuɗi ko ruwan toka, a murza shi a tafin hannu har ya yi faɗi kamar waina, a fesa ruwa mai santsi a bonet, a riƙa kai shi ana komowa. Jim kaɗan sai a juyo shi ga kyamara, ka ga ya yi dauɗa, alhali yanzu aka gama wanke motar. Sunan abin kileba, daga kalmomin Turanci biyu masu ma'anar sandar yumɓu.

Sunan nan ya ruɗi mutane da yawa. Ba yumɓu ba ce, kuma ba ta da dangantaka da ƙasar da ake gina tukunya. Danƙo ne na masana'anta, dangin roba, aka cuɗa shi da garin duwatsu mai laushin gaske. Da Bahaushe ne ya raɗa mata suna, da danƙon fenti zai ce, don ta fi kama da cingam ɗin da aka tauna. A Jafan aka ƙirƙiro ta, a hannun wani mutum mai suna Tadao Kodate, ta shiga Amurka a farkon shekarun 1990 da sunan Clay Magic. Kamfanin da ya kai ta can, Auto Wax, shi ya riƙe haƙƙin mallakarta, har kotu ya kai wasu da suka yi irinta. Wannan na cikin abin da ya sa ta daɗe tana tsada, ya kuma sa masu motoci suka yi ta neman abin da zai maye gurbinta.

Kafin a je ga madadi, sai an gane aikin da take yi, don nan ne ake yin kuskure. Wanka yana ɗauke dattin da ya kwanta a kan fenti. Akwai kuma wanda ya kafe a ciki, sabulu ba ya taɓa shi: ɓurɓushin ƙarfen da birki ke zubarwa, tartsatsin injin mai walda, ɗigon kwalta, danƙon itacen da ake ajiye mota a inuwarsa, da feshin fentin wata motar da iska ta kwaso. Idan kana son ka ji su, wanke motarka tas, ka bari ta bushe, sannan ka zura hannu a farar leda irin ta ƙulla sukari, ka shafa rufin motar ko but. Ledar tana ƙara wa yatsa ji. Fentin da ido ke gani sumul sai ka ji shi ƙurzunu-ƙurzunu kamar an barbaɗa masa tsaki.

Na fara jin wannan a wata farar mota da na bari kwana uku a gareji ana jiran kayan gyara. Ashe a gefe ana fesa wa wata bas fenti a fili, babu rumfa babu labule. Da na karɓo ta na kai wanki har sau biyu, yaron ya yi ta dirza, amma idan rana ta haska sai ka ga wasu ƙananan ɗigo kamar an yayyafa yaji, gilashin ma yana ƙara idan waifa ta wuce. Irin wannan larurar aka ƙera kileba dominta.

Yadda take aiki shi ne, tana sulɓewa ne a kan ruwan santsin, ba ta manne wa fentin ba. Duk abin da ya ɗago kai sama da fenti sai garin dutsen da ke cikinta ya aske shi, danƙon kuma ya haɗiye abin da aka aske. Shi ya sa ake ninke ta lokaci-lokaci a fito da fuska mai tsabta. Shi ya sa kuma idan ta suɓuce ta faɗi ƙasa, ta tashi daga aiki. Yashin da ta ɗauka ba ya fita, kuma idan ka mayar da ita kan mota ka zama mai goga samfefa. A tsakar gida mai rairayi, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Abin da ake karewa a duk wannan shi ne fatar sama ta fenti, wadda masu fenti ke kira kiliya, mai ba mota sheƙi. A motar da ta fito daga kamfani kaurinta bai cika wuce maikiron 40 zuwa 50 ba, wato bai kai kaurin takardar rubutu ba. Idan ta ƙare ba ta tsirowa. Da wannan mudun ake auna kowane madadi: ya cire dattin, ya bar kiliya.

Araha ta farko ba ta buƙatar sabon kaya ko kaɗan. Kileba tana zuwa ne a curin giram 100 ko 200, kuma babu dalilin ɗaukar curin gaba ɗaya. A yanka na giram 100 gida uku ko huɗu, a yi aiki da ɗaya, a adana sauran a ƙaramar roba mai murfi. In ɗaya ya faɗi, yanki guda kawai aka rasa. Ruwan santsin da ake sayarwa a kwalbar feshi ma ana iya barinsa, a dama sabulun ruwa na wankin mota a bokiti ya yi yauƙi sosai. Wani kamfanin Ingila, Bilt Hamber, har ma yana yin irin wadda ruwa tsurarsa ya ishe ta. Omo dai a bar wa tufafi, don yana wanke kakin kariya, yana kuma kashe ƙyallin robobin jikin mota.

Sai kayan da suka zo daga baya, waɗanda a ganina su ne ainihin amsar tambayar. Safar hannu ce, ko tawul, ko wani ɗan faifai, an shafa wa fuska ɗaya roba mai kama datti. Aikinsu ɗaya da na kileba, sai dai idan sun faɗi a ɗauraye su ake yi a ci gaba, kuma guda ɗaya yana yin motoci da yawa. Kuɗin sayensu sau da yawa ya fi na curi ɗaya, amma idan aka raba shi a kan yawan motocin, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Mai wurin wankin mota da ke karɓar motoci kullum, nan ya kamata ya sa kuɗinsa. Suna da aibu biyu. Ba ka ganin dattin da suka kwaso kamar yadda curi ke nuna maka, don haka sai ka riƙa tsoma su a ruwa bayan kowane ɓangare. Sannan sun fi saurin barin ɗan hazo a baƙar mota. Sabuwar safa a fara goga ta a gilashi tukuna, kaifinta ya ɗan kwanta, kafin ta hau fenti.

Akwai kuma hanyar da ba a goga komai, a narkar da dattin. Ga ɓurɓushin ƙarfe, waɗannan jajayen ɗigon tsatsa da ke fitowa a farar mota da kan rim, akwai ruwan feshi na musamman. Ana fesawa a bar shi ƴan mintoci, duk inda ya haɗu da ƙarfe sai ya koma ruwan hoda mai duhu yana gangarowa kamar jini, sai a ɗauraye. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kada a yi a ɗaki rufe. Ga kwalta kuwa, kananzir ya isa: a jiƙa tsumma mai laushi, a ɗora a kan ɗigon ya yi taushi, a share a hankali, a bi da sabulu nan take. Wanda ya fara da waɗannan biyun zai tarar abin da ya rage wa kileba kaɗan ne, ɗan yanki guda ya gama motar. Fetur da tina kuma kada su kusanci fenti, musamman motar da aka taɓa sake wa fenti a gareji, don tina tana iya narkar da shi a gaban idonka.

To, sai dabarun gida da ake yaɗawa. Mafi shahara shi ne Blu Tack, shuɗin danƙon nan na kamfanin Bostik da ake manna takarda a bango da shi. Gaskiya kamanninsu ɗaya a ido da a hannu, kuma yana ɗaukar wani abu. Amma an yi shi ne don ya manne, ba don ya sulɓe ba, yana turjewa a kan fenti, zafi kuma yana sa ya yi ta jan zare. A gilashi ko wani ɗan ɗigo guda, babu laifi a gwada. Motar gaba ɗaya, ni dai ba zan ba da shawara ba. Yumɓun wasan yara iri biyu ne: Play-Doh fulawa ce da gishiri da ruwa, yana haɗuwa da ruwa ya zama kunu, ɗaya irin kuma mai maiƙo ne, shafe fenti kawai yake yi ya bar maiƙon. Shi kuwa wanda ya ji kalmar yumɓu ya nufi bakin rafi, Allah ya kiyaye, yashin da ke ciki zai zana masa mota kamar an bi ta da ƙaya.

Wasu masu wanki kan ce a bar duk wannan a sa kwamfan kawai, wato man goge fenti mai ɗan kaushi, a murza da soso. Kwamfan yana gyarawa, amma da cin kiliya yake gyarawa, kowane zagaye yana rage ta. Kuma idan ba a cire tsakin da ya kafe ba tukuna, soson zai tumɓuke shi ya yi ta yawo da shi a kan fentin.

Ko da wanne aka zaɓa, yanayinmu yana da nasa sharaɗi. Kada a yi a rana, don bodi mai zafi yana shanye ruwan santsi kafin ka kai hannu, curin ya liƙe ya bar tabo. A nemi inuwa da sassafe ko bayan la'asar. A lokacin hunturu ƙura na iya sauka tsakanin wanki da guga, saboda haka a ɗauraye kowane ɓangare dab da za a taɓa shi, kuma idan curin ya sandare don sanyi a jefa shi a ruwan ɗumi ya saki. Ana bi ne kaɗan-kaɗan, wuri kamar kamu ɗaya, hannu sakayau ba dannawa, gaba da baya a miƙe. Da farko za ka ji yana ƙara yana ɗan tirjiya, idan sautin ya ɗauke wurin ya gyaru, sai a matsa gaba.

Ba aikin kowane mako ba ne. Sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar, in ma ledar ba ta ji komai ba a ƙyale motar. Motar da ba ta daɗe da fitowa daga wurin mai fenti ba a ba ta makonni fentin ya ƙosa tukuna. Bayan an gama kuma fentin tsirara yake, don gugar ta tafi da duk kakin da ke kai, sai a shafa sabo a ranar, kafin motar ta koma ƙarƙashin darbejiya.