Waiwaye: Yadda Fallen Teluriyom Ya Dawo Fage

Duk wanda ya ga ana ta maganar teluriyom, wani sinadari mai kama da ƙarfe, kwanan nan zai ɗauka sabon abu ne, alhali tun 1782 wani jami'in haƙar ma'adinai, Müller von Reichenstein, ya ci karo da shi cikin duwatsun zinare a Tiransilbaniya, ƙasar Romaniya ta yau, sai a 1798 masanin sinadarai Bajamushe Klaproth ya raɗa masa suna daga kalmar Latin mai nufin ƙasa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙirarsa. Ƙwayoyin zarra ɗinsa a jere suke kamar igiyar da aka murɗa, kowace ƙwaya ta riƙe biyu gam, uku-uku a kowane zagaye, amma tsakanin igiya da igiya riƙon sako-sako ne. Shi ya sa in ka rage masa kauri halinsa yake canjawa. A dunƙule, ratar makamashin da ilektiron zai tsallaka kafin wuta ta wuce kusan 0.33 eV ce (eV ma'aunin makamashin ilektiron ne), in ya koma falle ɗaya, wato shimfiɗa mafi siranta da zai iya zama, kuwa takan buɗe zuwa wajen 1 eV, to ka ga da kauri kawai za ka iya saita shi yadda kake so.

Kuma fa tun 1964 Paul Weimer na kamfanin RCA a Amurka ya ƙera tiranzista, wato ɗan makunnin da ke kunna wuta da kashe ta a cikin na'urori, da siririn teluriyom, sai silikon ya zo ya cinye kasuwa aka kusa mancewa da shi. Da Geim da Novoselov suka ɓare girafin, wato falle ɗaya na sinadarin kabon, da salatif a Manchesta a 2004 sai kowa ya bazama neman abu mai falle ɗaya, amma girafin ba shi da wannan ratar sam, don haka tiranzistarsa ba ta kashuwa da kyau, fosforin, fallen sinadarin fosforas da aka samo a 2014, kuma da ya sha iska sai ya fara lalacewa. Nan aka sake waiwayar tsohon nan.

A 2017 masana a China suka lissafo siffofin da falle ɗaya na teluriyom zai iya ɗauka. A 2018 ƙungiyar Wenzhuo Wu da Peide Ye a Jami'ar Purdue ta dafa shi cikin ruwan sinadari, ya fito ɓaro-ɓaro, suka yi tiranzista da ta yi sama da wata biyu a iska ba ta lalace ba, wallahi a wannan fanni ba ƙaramin abu ba ne. A 2020 mutanen Ali Javey a Berkeley suka turara shi kan faranti mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius, ya kwanta har a kan roba mai lanƙwasa. Ga shi nau'in p ne, wato wanda guraben da ilektiron ya bari ne ke ɗaukar wuta a cikinsa, wanda injiniyoyi suka daɗe suna fama da ƙarancinsa.

Inda nake jin tsoro shi ne samuwarsa. Ƙarancinsa a ƙasa ya yi kusa da na filatinam, daga dattin tace tagulla ake tsamo yawancinsa, masu yin farantan sola na CdTe, haɗin kadmiyom da teluriyom, sun riga sun yi layi, ga China da ta fi kowa samar da shi ta sa takunkumi kan fitar da shi tun Fabrairun 2025.