Takobin kaka a ɗaki: Me doka ta ce idan dillali ya zo taya?

A gidaje da yawa na cikin birnin Zariya akwai wani ɗaki ko wata adaka da ba a buɗewa sai sallah ta matso. A nan ake ajiye takobi mai kuben fatar da ta bushe, da kwalkwali, da lifidi wanda audugarsa ta fara leƙowa, wani gidan har da sulke mai nauyi da ake shafa wa mai don kada ya yi tsatsa. To, sai wata rana baƙo ya yi sallama, ya ce, "Alhaji, nawa za ka bar mini wannan?" A nan ne mutum yake taka doka bai sani ba.

Dokar da ke magana a kan wannan ita ce ta Hukumar Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta kafa a 1979. A cikin abubuwan da ta lissafa a matsayin kayan tarihi ta ambaci makami da kayan kariyar yaƙi da kayan sarauta ƙarara. Sharaɗin shi ne abin ya zama ƙirar ƙasar nan, sannan ko dai an yi shi kafin 1918, ko kuma yana da muhimmancin tarihi kuma an taɓa amfani da shi a wani bikin gargajiya. Wannan na biyun shi ne ke kama mutane. Lifidin da aka ɗinka bayan 1918, in dai an hau da shi hawan daushe a gaban Sarkin Zazzau, yana iya shiga sahu.

Doka ba ta ce a ƙwace maka gadonka ba. Ka ajiye, ka hau da shi, ka bar wa ’ya’yanka. Abin da ta hana shi ne ciniki: ba mai sayen kayan tarihi sai wakilin da aka amince da shi a hukumance, ba kuma wanda za a sayar wa sai shi. Wato mai saye da mai sayarwa duk sun yi laifi. Hukuncin tarar naira dubu biyu ne ko ninki biyar na darajar kayan, duk wanda ya fi yawa, ko ɗaurin shekara uku. Dubu biyu yanzu ba ta sayen buhun dusar doki, gaskiya ne, amma ninki biyar na kuɗin tsohon sulke ba abin wasa ba ne. Fitar da kaya waje kuwa sai da takardar izinin hukumar, ko da kyauta aka ba ka.

Sulke yana da ɗan sarƙaƙiya. Yawancinsa ta hamada fatake suka kawo shi daga wajen Masar, don haka wani zai ce ai ba ƙirar gida ba ce. Ni dai ba zan ba kowa shawarar ya jingina da wannan hujja a gaban jami’in kwastan ba. Kafin ka karɓi ko kwabo, ka ɗauki hoton kayan ka je gidan tarihi na ƙasa da ke Kaduna a duba.

Bindigar toka kuma nata daban. Tsufa bai fitar da ita daga dokar bindigogi ta 1959 ba, kuma maganar lasisinta tana hannun ’yan sandan jiha. Ko tun zamanin da Turawa suka shigo Zariya a 1902 take rataye a bango, in har tana cin albarushi, ka je ka tambaya kafin ka sa ta a mota.