Masu tafiya hutu tsibiri, ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba

Assalamu alaikum jama'a. Yanzu tafiya hutu tsibiran nan masu zafi ta zama ruwan dare, wannan ya ɗauki amarya sun tafi Zanzibar, wancan ya wuce Morishus ko Maldibs ko Bali, to abin da ke damuna a matsayina na ma'aikacin lafiya shi ne mutum zai yi wata da watanni yana fama da zancen biza da tikiti da otal amma ko sau ɗaya bai tsaya ya tambayi wane irin ciwo ke yawo a inda zai je ba.

Katin allurar shawara dai na san da yawa kun san da shi, saboda ƙasashe irin su Tanzaniya, inda Zanzibar take, da Maldibs suna neman sa a hannun wanda ya fito daga ƙasar da ake samun cutar. Sai dai katin ba ya fara aiki sai an kwana 10 da yin allurar, wanda ya je ana gobe tafiya ya makara. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Maganar da na fi so ta shiga kunnenku ita ce ta sauro. Da yawanmu in jiki ya yi zafi kawai sai mu ce maleriya ce mu haɗiyi magani, alhali akwai tsibiran da an riga an tabbatar sun rabu da maleriya, Maldibs a 2015, Siri Lanka a 2016, Kef Bade a 2024. Abin da ke can shi ne zazzaɓin dengi da ɗan uwansa chikungunya, kuma sauron da ke kawo su daban ne. Ɗan ƙarami ne baƙi mai ɗigo-ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma dab da magariba, kana zaune kana karyawa shi yana ƙarƙashin tebur yana aiki a idon sawunka ba ka ma ji kukansa ba. Gidan sauro na dare kaɗai ba zai tsare ka ba. Ka sayi man shafawa mai korar sauro wanda aka rubuta DEET a jikinsa tun kafin ka tashi, ka riƙa shafawa da rana, ka sa kaya masu dogon hannu marasa nauyi. Kar ku ɗauki abin da wasa wallahi, a tsibirin Reyuniyon tsakanin 2005 da 2006 kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen wurin sai da chikungunya ta kama su, ciwon gaɓoɓinta kuma yakan bi mutum watanni.

Dengi yakan bayyana kwana 4 zuwa 10 bayan cizon, zazzaɓi mai zafi, ciwon kai har bayan ido, ciwon jiki kamar an yi maka duka, wani lokaci da ƙuraje. In haka ta faru farasitamol kawai za ka sha, ka yawaita ruwa, ka je a gwada jini. Don Allah ban da asfirin, ban da ibuprofen, ban da diklofenak, domin suna iya jawo zubar jini. Kuma lokacin da zazzaɓin ya sauka kowa ya fara cewa jiki ya yi sauƙi alhamdulillah, nan ne ake sa ido sosai kwana ɗaya zuwa biyu, in ka ga ciwon ciki mai tsanani ko amai ba ƙaƙƙautawa ko jini a dasashi ko haɓo ko yaro ya yi laushi ya ƙi shan komai, a tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne. Wuri irin Zanzibar kuma har yanzu akwai maleriya, shi ya sa sai an gwada ake sanin wanne ne.

Sai teku. Wanda ya iya iyo a kogi ko kududdufi kar ya ɗauka ya iya teku. In ka tsaya a gaɓa ka lura za ka ga wani wuri tsakanin igiyoyi ruwan ya yi duhu ya kwanta lumui babu kumfa, nan ne baƙo ke cewa ga inda ya fi aminci, nan ne kuwa ruwa ke komawa ciki da ƙarfi. In ya ja ka kar ka yi kokawa da shi, ka yi iyo ta gefe kana bin tsawon gaɓa har ya sake ka, ko ka kwanta a kan ruwan ka ɗaga hannu. Jar tuta na nufin kar a shiga. Jirgin ruwan da ka ga an maƙare shi da mutane da kaya ka haƙura ka jira na gaba, a 2011 wani jirgi ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, tsibiran Zanzibar, saboda lodi ya yi yawa aka yi asarar rayuka masu yawa. Rigar ceto a jiki ake sa ta, yara su fara.

Ruwan sha na gora mai murfi a rufe, ƙanƙarar da ba ka san ruwanta ba ka bar ta, ka saka 'yan ledojin ORS a jaka. Manyan kifayen da ke rayuwa a duwatsun murjani irin barakuda wani lokaci suna ɗauke da guba wadda dahuwa ba ta kashe ta.

Masu hawan jini da ciwon suga da asma ku riƙe maganinku a jakar hannu cikin kwalinsa tare da takardar likita, ku ƙara na 'yan kwanaki ko jirgi zai yi jinkiri, saboda a ƙaramin tsibiri babban asibiti na iya kasancewa sai an tsallaka ruwa. Zanzibar ma tun Oktoban 2024 ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya tata ta dala 44.

In kun dawo gida zazzaɓi ya taso cikin makonnin farko, tun kafin likita ya tambaya ku gaya masa sunan tsibirin da ranar da kuka baro shi.