Matsayin kuɗin jami'a ga 'ya'yan 'yan Birtaniya mazauna ƙasashen waje

Matsayin kuɗin jami'a shi ne rukunin da jami'o'in Birtaniya ke saka ɗalibi a ciki kafin su yanka masa kuɗin da zai biya. Rukunan biyu ne: ɗalibin gida da ɗalibin waje. Ga 'ya'yan iyalan Birtaniya da aiki ko kasuwanci ya kai wata ƙasa, wannan rabo yakan zo da ba-zata, domin fasfon Birtaniya shi kaɗai ba ya mayar da mutum ɗalibin gida. Abin da doka ta fi dubawa shi ne inda yaron ya zauna a shekaru uku na ƙarshe kafin ya fara karatu, da kuma dalilin da ya sa ya zauna a can.

Tazarar kuɗin

A Ingila gwamnati ce ke ƙayyade iyakar abin da za a karɓa daga ɗalibin gida mai neman digirin farko. An fara karɓar fam 1,000 a shekara a 1998, aka ɗaga zuwa 3,000 a 2006, sai 9,000 a 2012, sai 9,250 a 2017, kuma ya zama 9,535 a zangon 2025/26. Ɗalibin gida ba ya ma bukatar fito da kuɗin daga aljihu: yakan karɓi rancen gwamnati, ya fara biya bayan ya kama aiki albashinsa ya haura wani mataki. Ɗalibin waje kuwa ba shi da wannan iyaka kuma ba shi da wannan rance. Jami'a ce ke faɗin farashinta. Idan aka ce wata jami'a na karɓar fam 25,000 a shekara, wanda ba baƙon abu ba ne, digirin shekara uku zai ci 75,000, alhali na ɗan ajinsu da aka lissafa a gida, a farashin 2025/26, bai kai 29,000 ba. A fannin likitanci a manyan jami'o'i kuɗin ɗalibin waje yakan haura fam 50,000 a shekara.

Likitanci na da wani ƙarin nauyi. Gurbin ɗaliban waje a makarantun likitanci na Ingila an taƙaita shi zuwa kusan kashi 7.5 cikin ɗari, don haka wanda aka saka a wannan rukuni, ban da tsadar kuɗi, zai yi takara ne a kan 'yan kujeru ƙalilan da masu nema daga ko'ina a duniya.

Asalin bambancin

An fara bambanta kuɗin ɗaliban waje da na gida a 1967. Babban sauyin ya zo a 1980, lokacin da gwamnatin Margaret Thatcher ta janye tallafi, ta ce ɗalibin waje ya biya cikakken kuɗin karatunsa. Matakin ya taɓa ƙasashen renon Ingila sosai, har da Najeriya da Malesiya waɗanda ke cikin masu tura ɗalibai da yawa a lokacin. Tun daga farko ma'aunin da aka ɗauka shi ne wurin zama, bisa tunanin cewa tallafin na mazauna ƙasa ne. A nan 'ya'yan 'yan ƙasar da ke waje suka faɗo tsakiya.

Sharuɗɗan

A babbar hanyar samun matsayin ɗalibin gida da yawancin iyalai ke bi a Ingila, sharuɗɗa huɗu ne. Ɗalibi ya kasance yana da 'yancin zama na dindindin, wanda ɗan ƙasa yana da shi. Ya kasance mazaunin Birtaniya a ranar farko ta shekarar karatu ta farko. Ya kasance ya yi zama na yau da kullum a Birtaniya ko tsibiran Channel ko tsibirin Man na tsawon shekara uku cif kafin wannan rana. Sannan kada ya zama karatu ne kawai, ko mafi yawa, ya zaunar da shi a ƙasar a wani ɓangare na waɗannan shekaru.

Ranar da ake nufi ba ranar shiga aji ba ce. Ga karatun da ke farawa tsakanin Agusta da Disamba, doka ta tsayar da 1 ga Satumba. Iyalin da suka dawo a watan Oktoba shekara uku da suka wuce sun gaza da 'yan makonni, kuma kwana ɗaya ma yana iya kayar da mutum. Haka kuma cika shekara ukun ana tsakiyar karatu ba ya sauya komai a wannan hanya. Yadda aka fara haka ake ƙarewa.

Zama na yau da kullum da tafiyar wucin gadi

Dokokin ba su fassara zama na yau da kullum dalla-dalla ba. Fassarar da ake dogaro da ita ta fito ne daga shari'ar Shah da ƙaramar hukumar Barnet, wadda Majalisar Dattawan Birtaniya, a matsayinta na kotun ƙoli a wancan zamani, ta yanke a 1982. Mai shari'a Lord Scarman ya bayyana cewa ana nufin wurin da mutum ya zaɓa da son ransa, da wata manufa tsayayya, ya zama cikin tsarin rayuwarsa, kuma fita ta ɗan lokaci ba ta katse wannan zama. An kuma yarda mutum zai iya zama mazaunin ƙasashe biyu a lokaci guda.

Ta wannan ƙofa iyalan waje ke shiga, ta ɗaya daga hanyoyi biyu. Ko su nuna cewa ba su taɓa yanke zamansu a Birtaniya ba, ko su nuna cewa da yaron yana can in ba don aikin wucin gadi da ya kai mahaifinsa ko mahaifiyarsa waje ba. Sojojin Birtaniya da aka tura aiki waje doka ta ambace su kai tsaye, don haka 'ya'yansu ba su da matsala. Kowa ban da su sai ya kafa hujja.

Dukan rigimar tana kan kalmar wucin gadi, kuma babu adadin shekarun da aka yanka. A ɗauki injiniyan da kamfaninsa na Landan ya tura Dubai da kwantiragin shekara biyu, da alkawari a rubuce cewa kujerarsa na jiransa. Gidansa na Leeds yana nan, yana biyan harajin ƙaramar hukuma a kansa, iyalin na dawowa duk hutun bazara da na ƙarshen shekara. Wannan hujjarsa a fili take. To amma a ce an sabunta kwantiragin sau shida, ya bar kamfanin farko ya koma wani na can, an sayar da gidan Leeds, yarinyar da ta bar Ingila tana shekara huɗu yanzu ta kai sha takwas. Uban zai ce bizarsa a ɗaure take da aikinsa, ranar da aikin ya ƙare dole ya tattara ya fita, kuma gaskiya ne, domin yawancin baƙi a ƙasashen yankin Gulf ba su da hanyar samun zama na dindindin. Jami'in da ke duba takardun zai ce shekara goma sha huɗu ta wuce a kira ta leƙe. Kowannensu na da abin riƙewa.

Yaran da ke makarantar kwana a Birtaniya iyayensu na waje su ma ba su tsira ba. Tambayar da ake yi ita ce: da babu makarantar, ina yaron zai kasance? Idan amsar ita ce wurin iyayensa a Hong Kong ko Abuja, to karatu ne ya zaunar da shi, sai dai idan fitar iyayen kanta ta wucin gadi ce. Akwai kuma akasin haka, wanda ya shafi iyalai 'yan asalin Najeriya ko Gana masu fasfon Birtaniya da ke mayar da yaro gida ya yi sakandare don ya samu tarbiyya da harshe. Idan iyayen na nan zaune a Birtaniya, yaron kuma na komawa wurinsu hutu, ana iya kallon tafiyar a matsayin ta karatu ta ɗan lokaci. Idan dukan iyalin suka koma da zama, lamarin ya sauya.

Wanda ke yanke hukunci

Babu hukuma ɗaya da ke yanke wa kowa. Bayan ɗalibi ya nema ta UCAS, wato cibiyar da ake neman gurbin jami'o'in Birtaniya ta hannunta, kowace jami'a kan aiko masa da takardar tambayoyi, ta nemi shaidu: kwantiragin aiki, nau'in biza, tikitocin jirgi da ranakun shiga da fita, takardun gida ko haya, bayanan banki. Kowace ta yanke nata. Saboda haka ba abin mamaki ba ne yaro ya nemi jami'o'i biyar da takardu iri ɗaya, uku su ce ɗan gida ne, biyu su ce na waje. Wannan shi ne babban raunin tsarin, kuma shi ya haifar da sana'ar masu ba da shawara da ke karɓar kuɗi su shirya wa iyalai fayil. Ana iya neman jami'a ta sake dubawa, galibi cikin ɗan ƙayyadadden lokaci. Ƙungiyar UKCISA, mai ba da shawara kan harkokin ɗaliban waje, na wallafa bayanin dokokin kyauta, jami'o'in kansu ma da shi suke amfani, amma ba ta yanke wa kowa hukunci.

Rancen ɗalibai kuma ƙofarsa daban. A Ingila Student Finance England ce ke dubawa da kanta, don haka jami'a na iya cewa ɗalibi ɗan gida ne a hana shi rance.

Sauran sassan ƙasar da Turai

Ingila, Sikotilan, Wales da Arewacin Ayalan kowanne na da dokarsa. A Sikotilan hukumar SAAS ke biya wa mazauna yankin kuɗin digirin farko, fam 1,820 a shekara, yayin da ɗalibi daga sauran sassan Birtaniya ke biyan kwatankwacin na Ingila. Don haka iyalin da suka fita daga Glasgow sai sun nuna alaƙarsu da Sikotilan kanta. A Arewacin Ayalan mazauna yankin na biyan kusan rabin kuɗin Ingila.

Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta ƙara wani rukuni. Daga Agustan 2021 yawancin sababbin ɗalibai 'yan ƙasashen Tarayyar sun koma ɗaliban waje. 'Yan Birtaniya da ke zaune a yankin tattalin arzikin Turai ko Suwizalan tun kafin ƙarshen Disamban 2020, tare da 'ya'yansu, an ba su rangwame na ɗan lokaci: suna iya samun matsayin gida a Ingila idan karatunsu ya fara kafin 1 ga Janairun 2028. Wanda zai fara bayan wannan rana zai koma ƙarƙashin sharaɗin shekara uku, kamar ɗan'uwansa da ya tashi a Dubai ko Legas.