Kanabinol

Kanabinol, wanda ake taƙaita sunansa da CBN (ba Babban Bankin Nijeriya ba), sinadari ne daga cikin sinadarai sama da 100 na dangin kanabinoyid da ake samu a jikin tsiron wiwi. Bai yi suna kamar THC mai sa maye ba, ko CBD da ake haɗa maganin farfaɗiya da shi, amma shi ne na farko da masana suka iya warewa daga tsiron. A 'yan shekarun nan kamfanoni, musamman na Amurka, suna tallata shi a matsayin abin kwantar da hankali da sa barci, ana sayar da shi a matsayin mai da ake ɗigawa a ƙarƙashin harshe, ko ƙwaya, ko alewa mai danƙo. Tallan ya riga binciken yin nisa.

Yadda yake samuwa

Ɗanyen tsiro ba ya ɗauke da kanabinol sai ɗan kaɗan. Yana samuwa ne idan wiwi ta kwana biyu a ajiye: iska da haske da zafi su ci THC a hankali, ya juye ya koma CBN. A lissafin masana sinadarai, THC yana da ƙwayoyin kabon 21, haidirojin 30, oksijin 2. Idan ya zubar da haidirojin huɗu sai ya zama kanabinol. Ke nan tsufan tabar ne ke haifar da shi.

Wannan ya sa masu binciken laifuka ke amfani da shi wajen ƙiyasta shekarun wiwin da aka kama. Wani nazari da Ross da ElSohly suka fitar wajen 1997 ya nuna cewa wiwin da aka ajiye a ɗaki tana rasa kusan kashi 16 cikin 100 na THC ɗinta a shekarar farko, ta rasa fiye da kashi 40 bayan shekara huɗu, CBN kuma yana ƙaruwa. Wanda ke kasuwa a yau, mafi yawansa ba jiran tsufa aka yi ba, a masana'anta ake sarrafa shi.

Tarihi

Likitocin Turai sun soma ɗaukar wiwi da muhimmanci ne bayan William O'Shaughnessy, likita ɗan Ailan da ke aiki a Kalkata, ya bayyana gwaje-gwajensa wajen 1839. A 1890 J. Russell Reynolds, ɗaya daga cikin likitocin Sarauniya Victoria, ya rubuta cewa tana taimaka wa tsofaffi masu fama da rashin barci. Matsalar likitocin wancan zamani ita ce ba su san abin da ke aiki a cikin maganin ba. Kwalba ɗaya ta yi ƙarfi, wata ta zama kamar ruwa.

A 1896 wasu masana uku a Jami'ar Cambridge ta Ingila, T. B. Wood da W. T. N. Spivey da T. H. Easterfield, suka tace danƙon wiwi na Indiya da ake kira caras, suka sami wani jan mai, suka raɗa masa suna kanabinol. Daga baya suka gane man gauraye ne. Wajen 1899 suka ware tsantsar sinadarin, sunan ya koma kansa. Aikin nasu bai yi tsawon rai ba: Easterfield ya tafi koyarwa a Niyu Zilan, Spivey kuma ya rasu sakamakon wani haɗari a ɗakin gwaji a farkon ƙarni na 20.

Shekaru da yawa ana zaton kanabinol ne ke sa maye. Kuskuren yana da dalili, domin danƙon da ke isa Ingila ya sha tafiya a jirgin ruwa, ya tsufa a hanya, saboda haka abin da masana suka fi tararwa a ciki shi ne CBN. A farkon shekarun 1930 Robert Cahn ya gano mafi yawan ƙirar sinadarin. A 1940 ayari biyu, na Roger Adams a Jami'ar Illinois ta Amurka da na Alexander Todd a Ingila, kowanne ya harhaɗa shi a ɗakin gwaji, aka tabbatar da ƙirar. A shekarar ce kuma Adams ya ware CBD. Sai a 1964 Yechiel Gaoni da Raphael Mechoulam, a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, suka ware THC suka bayyana ƙirarsa. Daga nan hankalin masu bincike ya koma can, aka bar kanabinol a gefe kusan rabin ƙarni.

Abin da ya dawo da shi kasuwa ce, ba ɗakin gwaji ba. Dokar noma ta Amurka ta 2018 ta halatta noman nau'in wiwin da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Kasuwar CBD ta cika, 'yan kasuwa suka shiga neman sabon abin sayarwa.

Aikinsa a jiki

Yana kama wuraren da THC ke kamawa a jikin ƙwayoyin halitta, wato CB1, wanda ya fi yawa a ƙwaƙwalwa, da CB2, wanda ya fi yawa a garkuwar jiki. Kamunsa ga CB1 ya fi na THC rauni sosai, shi ya sa mayensa kaɗan ne. Hanta ce ke sarrafa shi.

Batun barci

Asalin maganar daga bakin mashaya ta fito, waɗanda suka daɗe suna cewa tsohuwar wiwi ta fi kashe jiki. Tunda CBN ne ke yawaita a tsohuwar taba, sai aka jingina masa abin. Gwajin da aka fi ambatawa shi ne na Karniol da abokan aikinsa a Birazil a 1975, wanda aka yi da maza biyar kacal. Da aka haɗa musu CBN da THC sun ce sun fi jin gyangyaɗi da jiri. CBN shi kaɗai bai yi musu haka ba. A kan wannan siririn zare aka rataya talla mai yawa. Wani bita da Jamie Corroon ya wallafa a 2021 ya ƙare da cewa hujjar da ke akwai ba ta isa a ce yana sa barci ba.

Bayan haka an sami ƙari. Wani gwaji da aka fitar a 2023, ƙarƙashin jagorancin Marcel Bonn-Miller, ya ba mutane miligiram 20 na dare bakwai. Sun ce farkawar tsakar dare ta ragu idan aka kwatanta da waɗanda aka ba abin da babu magani a cikinsa, amma barcin bai riƙa ɗaukar su da wuri ba. Mutanen ne suka ba da rahoton kansu, ba na'ura ta auna ba. A 2024 masu bincike a Jami'ar Sydney ta Ostireliya suka nuna cewa ya ƙara wa ɓeraye tsawon barci, kuma wani sinadari da hanta ke mayar da shi yana da hannu a ciki.

Illa

Ana ambata kasala da jiri da bushewar baki. Kayan kasuwa kan zo da THC a ciki, kuma sukan ƙunshi melatonin, wani sinadari mai taimaka wa barci, har mai sha ya kasa sanin wanne ya kwantar da shi. Gwajin fitsari na iya nuna mutum a matsayin mai shan wiwi.

Doka da addini

Dokar Nijeriya ba ta raba wiwi gida biyu kamar ta Amurka ba. Dokar soja ta 1966 kan tabar wiwi ta shafi tsiron duka da abin da aka cire daga gare shi, har ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai nomawa, kafin a sassauta ta a 1975. Tun 1989 hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ce ke kula da lamarin. A Birtaniya dokar 1971 ta ambaci kanabinol da sunansa cikin abubuwan da aka hana.

Malaman fiƙihu sun haramta shan wiwi. Sun saɓa kan ajinta: Ƙarafi, daga Malikawa, ya sa ta cikin masu gurɓata hankali, Ibn Taimiyya ya haɗa ta da giya.

A Zariya

 Mutanen Zariya wiwi ko ganye suka sani. Rashin barci kuwa a nan yakan bi zafin bazara na Maris da Afrilu, da sauron damina, da goro ko shayi mai kauri bayan isha'i. Wanda abin ya zame wa ciwo akan tura shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Akan sami ruɗani da rama, domin a wasu littattafan noma na Turanci sunanta ya yi tarayya da na wiwin da ake nomawa don zare, ganyen wasu nau'o'inta ma yana da yatsu irin na wiwi. Kama da wane ba wane ba ce. Rama 'yar dangin kuɓewa da yakuwa da auduga ce, kuma kwaɗon ramar da ake sayarwa a Tudun Wada ko Sabon Gari babu kanabinol a cikinsa.